Motar daji mai iyo: Argo, Mudd-Ox, Sherp, ko babur mai ƙafa huɗu da kwale-kwale?

A arewacin Kanada da Alaska, da zarar kwalta ta ƙare sai ƙasa ta fara yaudara. Sama gansakuka ce kore shar, ƙarƙashinta kuwa ruɓaɓɓen ciyayi ne da ruwa, wani wurin zurfinsa ya fi tsayin mutum. Tsakanin wannan dausayi da wancan ga tafkuna, ga ƙoramu. Mafarauta masu ɗauko naman katuwar dabbar nan muus, da masu binciken ma'adinai, da masu duba bututun mai da turakun lantarki, da masu kai itace da man gas gidajensu na daji, duk abu ɗaya suke nema: abin hawan da zai ɗauki kaya ya ratsa taɓo, in ya iso ruwa ya faɗa ya yi iyo, ya fita ya ci gaba da tafiya. Irin waɗannan motoci suna nan a kasuwa, amma farashinsu ya kama daga kuɗin ƙaramar mota har zuwa kuɗin gida, kuma kowace tana da inda take ba mai ita kunya.

Abin da za ka auna kafin ka tambayi farashi

Fara da wuri mafi muni a hanyarka. Mita 300 ɗin nan da ke tsayar da kowa su ne ke yanke hukunci, sauran kilomita 30 masu kyau ko babur zai bi su. Ka tabbatar ko taɓo ne mai ƙasa mai tauri a ƙarƙashi, ko dausayi ne mara gindi, ko buɗaɗɗen ruwa. In taɓon bai wuce gwiwa ba, wataƙila ba ka buƙatar mai iyo sam.

Sai nauyin da take ɗauka a cikin ruwa. Kamfani yakan ba da lamba biyu, ta tudu da ta ruwa, dila kuma ta tudun yake fara faɗa maka. Ta ruwa ita ce taka, tunda kayan da ka ɗora a bakin hanya da su za ka shiga tafki. Lambar kuma ta haɗa da kai kanka, da fasinja, da duk wani ƙarfe da aka ƙara wa motar bayan ta bar masana'anta. Ɗauki motar da aka rubuta mata kilo 450 a ruwa. Cire direba 80, yaron mota 75, winci (injin igiyar jawo mota in ta maƙale) 20, akwatin sifanu da safaya 25, jarkar fetur 17. Abin da ya rage bai kai kilo 240 ba. Duro ɗaya na man gas mai lita 200 ya kusa kilo 190. Ke nan duro ɗaya ne a kowane sawu, ko buhun siminti huɗu.

Na uku, irin ruwan da za ka ƙetare. Waɗannan motoci da tayoyinsu suke tuƙi, gudunsu a ruwa kilomita 5 ne zuwa 6 a awa, wato tafiyar mutum a ƙafa. Kogi mai faɗin mita 100 zai ɗauke ka sama da minti ɗaya, in kuma ruwan yana gudun kilomita 4 a awa, kafin ka taɓa wancan gefe ya gangara da kai mita 80. In babu mafita a wurin da ya kai ka, sai gaɓa mai tsayi, ka shiga uku. Tafki mai kwanciya da fadama su ne wurin aikinsu.

Na huɗu, wa zai gyara ta, da wane kaya, a ina. A daji kai ne bakanike. Na ƙarshe shi ne kuɗin gaba ɗaya: motar, da tirelar da za ta kai ta bakin daji (ba a hawa titi da su), da motar da za ta ja tirelar, da safayar shekara.

Argo mai taya shida da mai taya takwas

Kamfanin Ontario Drive & Gear da ke New Hamburg a lardin Ontariyo ne ke ƙera Argo tun 1967, kuma ita ce ta fi yawa a dazuzzukan can. Bodinta kwarya ce ta roba mai kauri, da firam na ƙarfe a ciki. Injin fetur ne mai silinda biyu daga Kohler, Briggs & Stratton ko Kawasaki, daga ƙarfin doki kusan 18 zuwa 40 gwargwadon samfuri. Daga inji bel ne ke kai ƙarfi giyabos, daga giyabos kuma sarƙoƙi ke rarraba shi ga kowane aksil. Tayoyin ba sa karkata. In za ka juya hagu, birkin ɓangaren hagu ake matsewa, na dama su ci gaba da gudu, motar ta murɗa jiki ta juya, yadda katafila ke yi. Samfuran da ke da giyabos ɗin Admiral sun fi laushin juyawa, kuma ba sa shaƙe inji a kwana kamar na da.

Mai taya shida ta fi araha, sabuwa tana farawa daga dala dubu goma sha wani abu. Tana ɗaukar mutum huɗu a tudu, biyu a ruwa, kuma kayanta a ruwa bai wuce kilo 200 da 'yan kai ba. Da ka cire nauyin direba, abin da ya rage na farauta ne ko kamun kifi, ba na dako ba. Gajeriya ce, don haka tana tsalle a kan kututture, kuma in ka taka birki da ƙarfi a gangare tana iya ɗaga baya ta kifa ta gaba. Wanda nufinsa jigilar kaya ne ya tsallake ta.

Mai taya takwas ita ce jakar aiki. Tsawonta kusan mita 3, faɗinta kusan mita 1.5, saboda haka tana kutsawa tsakanin itatuwa, kuma ƙaramar tirela ta ishe ta. Mutum shida a tudu, huɗu a ruwa. Kaya wajen kilo 500 a tudu, 400 zuwa 450 a ruwa. Gudunta a tudu kilomita 30 zuwa 40 a awa a takarda, amma tunda ba ta da shokozoba, tayoyi ne kaɗai ke shan karo, bayanka ne zai hana ka wuce 15 a hanya mai gargada. Tankinta lita 27 ne zuwa 32, yana kai ta wuni guda na aiki. Sabuwa tana tsakanin dala 20,000 da 40,000. Akwai tirela mai iyo da ake haɗa mata, mai taya huɗu, tana ɗaukar kusan kilo 270, kuma ita ce hanya mafi aminci ta ƙara kaya ba tare da danna kwaryar motar cikin ruwa ba.

Ƙarfinta da rauninta duk a ƙarƙashin farantin da kake taka ƙafa suke. Ɗaga shi za ka ga sarƙoƙi da boris 16, biyu ga kowane aksil. Na waje shi ke shan wahala: yana manne da bodi, ruwa da yashi suna bugunsa, ga nauyin taya. Tsarin kula da su ke nan:

- Kowace awa 10 ta aiki, a cire farantan ƙasa a shafa wa sarƙoƙi man sarƙa. Giris mai kauri ba ya shiga cikin gaɓoɓin, yashi kawai yake tarawa.
- Kowace awa 25, da kuma duk ranar da aka daɗe a ruwa, a ɗura wa boris na waje giris mai jure ruwa. Matsa biyu ko uku ya isa. In ka cika, giris ɗin zai turo robar da ke hana ruwa shiga, ka buɗe ƙofar da kake son rufewa.
- A ɗaga motar da jak, a kama kowace taya da hannu biyu a girgiza ta sama da ƙasa. In ka ji ƙwas-ƙwas, boris ya tafi. Kar a jira: boris mai wasa yana karkatar da aksil, aksil ya karkatar da sarƙa, sarƙa ta cinye haƙoran faifanta.
- A auna miƙewar sarƙa da tef. Sarƙa mai lamba 50, gaɓa 20 sabuwa milimita 317.5 ce, in ta kai 327 ta gama aiki. Mai lamba 60, daga 381 zuwa 392. Sabuwar sarƙa a kan faifan da haƙoransa suka yi tsini suka lanƙwashe asarar kuɗi ce, tare ake canza su.

Daɗin abin shi ne waɗannan sarƙoƙi ma'aunin masana'antu ne na gama-gari, ana samunsu a shagon kayan injinan gona. Mutum mai sifanu, da filaya, da mahaɗin sarƙa biyu a aljihu zai iya gyara tsinkakkiyar sarƙa a gindin bishiya. In ma ta ƙi, ana cire ta a lallaɓa gida da sauran tayoyin.

Iskar taya wani wuri ne da sababbin masu ita ke yin ɓarna. Psi 2.5 zuwa 3.5 (psi ma'aunin ƙarfin matsi ne) ake sa mata a taɓo, a ɗan ƙara a ƙasa mai tauri, kar a wuce 7. Gejin mai faci ba ya karanta ƙasa da 10, dole ka sayi na ƙaramin ma'auni. Tunda sarƙa ta ɗaure duk tayoyin gefe ɗaya suna juyawa daidai, in wata ta fi wata kumburi sai su yi ta jayayya, sarƙar da ke tsakaninsu ta ɗaure tam har ta miƙe ko ta tsinke. Wannan matsala tana ninkuwa in aka sa wa motar ƙafar katafila ta roba. Ƙafar tana sauke nauyin da motar ke danna ƙasa da shi daga wajen psi 2 zuwa ƙasa da 1, shi ya sa take tafiya a kan dusar ƙanƙara da dausayin da mutum zai lume a ciki. Kafin a ɗora ta, a hura tayoyi daidai, a auna kewayen kowace da tef, manya su zauna tsakiya, ƙanana a gaba da baya. Ka kuma sani ƙafar tana da nauyi, tana cin rabon kayanka, tana rage gudu a ruwa, tana kuma gajarta ran boris.

Bel yana ƙonewa ne saboda abu ɗaya: jan kaya mai nauyi a babbar giya a hankali. Warin roba shi ne gargaɗi. Da kaya, ko tirela, ko hawa, ko taɓo, ƙaramar giya. Safayar bel kuma ba ta barin motar.

Game da ruwa: a baya akwai matosai biyu na zubar da ruwa. Motocin da suka nutse da yawa ba wani abu ya same su ba illa an cire matosan don wanki aka manta. Ka taɓa su da hannunka kafin kowace shiga. Injin a gaba yake, saboda haka kaya masu nauyi baya ake jera su, a ƙasa-ƙasa, a daidaita hagu da dama. A shiga ruwa a hankali ta wuri mai sauƙin gangara, domin in ka faɗa da gudu hancin zai nutsa ruwa ya kwararo ta wurin shan iskar inji. Famfon kwashe ruwa na lantarki, da filafili, da rigar ceto ga kowa wajibi ne. Ba a ɗaura bel ɗin kujera a ruwa, ba a kuma zuge rumfa ruf, saboda mafita da kuma hayaƙin salansa. Wanda tafkinsa ke da faɗi yana iya maƙala mata injin kwale-kwale a baya, har mai ƙarfin doki 9.9. Wurin fita, a fuskanci gaɓa kai tsaye yadda tayoyin gaba biyu za su kama ƙasa tare.

Inda take maƙalewa kuwa sananne ne. Tsakanin cikinta da ƙasa santimita 24 ne ko kusa da haka. A taɓo mai kauri ko a kan kututture cikin nata ke zama, tayoyi takwas su yi ta juyawa a banza. Winci mai jan kilo 1,400 zuwa 1,600 ne maganin, amma a tsakiyar dausayi babu bishiyar ɗaurewa, sai ka tafi da ƙarfen kafawa a ƙasa da ƙarin igiya. A bar inji yana aiki lokacin ja, in ba haka ba batir ya mutu ka tara matsala biyu.

In ta hannu za ka saya, kar fenti ya ɗauke maka hankali. Ɗaga farantai ka duba tsatsa da tsagewa a firam, haƙoran faifai, da ƙasan kwarya. Girgiza tayoyi takwas ɗin ɗaya bayan ɗaya. Sannan a sa ta a ruwa mara zurfi minti 15 a ga abin da zai taru a ciki. Tsofaffin motoci masu iyo ƙirar Max, waɗanda aka daɗe ana ƙerawa a Buffalo ta jihar New York da giyabos ɗin T-20, su ma haka ake duba su. Suna da araha a hannu, amma na mai son kwance-kwance ne a ƙarshen mako.

Mudd-Ox da 'yan uwanta masu hayidirolik

Mudd-Ox, da ake yi a Shipshewana ta jihar Indiyana, a ido kamar Argo mai taya takwas take. Bambancin a tuƙi yake. Maimakon birki, kowane gefe yana da famfon hayidirolik da injin da man ke juyawa. Ka tura liba ɗaya gaba ka ja ɗaya baya, sai ta juya a inda take tsaye. Ba a ƙona ƙarfin inji a birki wajen kwana, kuma ana iya tafiya taku-taku da kaya mai nauyi, abin da mai jan gungume ko mai ja da baya da tirela zai yaba. Akwai masu injin dizal na Kubota. Manyanta sun fi Argo ta gama-gari ɗaukar kaya, sun kuma fi ta nauyi, farashinsu yana farawa ne daga inda manyan Argo suke ya haura.

Sarƙa da boris suna nan, aikin mai da giris bai ragu ba. Abin da ya ƙaru shi ne hayidirolik, wanda ba ya yafe datti. Ƙwayar yashi a cikin man tana goge famfo, famfo kuma ba abin gyaran gindin bishiya ba ne. A canza mai da matata a kan lokaci, a share mai sanyaya man daga ciyawa, a duba inda tiyo ke gogar ƙarfe. Tiyo ɗaya ya fashe, gefe ɗaya ya mutu, ga mai ya malale a fadama. Ba a kuma jan ta da wata mota sai an buɗe bawul ɗin sakin matsi, in ba haka ba tayoyin a kulle suke. Dilolinta ba su kai na Argo yawa ba, sai ka tambayi tsawon lokacin da safaya ke ɗauka kafin ta iso ka.

Sherp

Wannan wata halitta ce daban. Injiniya Alexei Garagashyan ne ya zana ta, ana ƙera ta a Kiev ta Yukiren. Tayoyi huɗu ne kacal, amma kowace tsayinta mita 1.6, a sabon samfurin N kuma 1.8. A tsohon samfurin Pro, kowace taya tana riƙe iska kusan lita 800. Huɗu sun zama lita 3,200, alhali samfurin Pro nauyinsa wajen kilo 1,300 ne, kayansa kilo 1,000. Wato tayoyin kaɗai sun isa su riƙe ta da kayanta a saman ruwa ko da bodin ya huje. Wannan shi ne babban abin da ya raba ta da Argo, wadda rayuwarta a ruwa ta dogara ga matosai biyu da robobin aksil.

Hayaƙin salansa ne ke hura tayoyin, direba yana ƙarawa yana ragewa daga kujera, tsakanin psi 1 da 3. Tiyo ya haɗa tayoyin huɗu, in ɗaya ta hau dutse iskarta ta gudu zuwa sauran, shi ne shokozobarta. Tsakanin cikinta da ƙasa santimita 60 ne, don haka kututturen da ke tsayar da Argo ita ba ta san da shi ba. Tana iya fitowa daga ruwa ta hau kan ƙanƙara, abin da ke da muhimmanci a lokacin da tafki ya fara daskarewa ko narkewa. Injin Pro dizal ne na Kubota, lita 1.5, ƙarfin doki 44, yana shan lita 2 zuwa 3 a awa, kuma akwai jarkoki masu lita 58 da ke zama cikin ƙwaryar kowace taya. Gudu kilomita 40 a tudu, 6 a ruwa. Samfurin N yana ɗaukar kilo 1,200. Hukumar Abinci ta Duniya ta yi amfani da su wajen kai abinci yankunan da ambaliya ta yanke a Sudan ta Kudu, da kuma Mozambik bayan guguwar Idai ta 2019.

Kuɗinta ya haura dala 100,000, taya ɗaya kuma dubban daloli ce. Faɗinta mita 2.5, saboda haka a kurmi mai cunkoso sai an sare mata hanya, kuma tana buƙatar babbar tirela da babbar mota. Tuƙinta da kuloci da giyar hannu da liba biyu ne, sabon direba yana cin farantan juyawa da birki kafin hannunsa ya faɗa. Tana da ƙara, tana kuma rawa a hanya mai tauri in an matsa mata. A samfurin N sarƙoƙinta a rufe suke cikin mai, aikin shafa ya ragu ƙwarai, amma hayaƙi yana tafe da danshi da baƙin toka, sai a riƙa duba bawul da tiyon iska, musamman a sanyin da ke daskarar da ruwa. Matatun injin Kubota ba wuyar samu, tunda irinsa yana cikin janareto da ƙananan injinan tono. Tayoyi da kayan tuƙi kuwa daga kamfanin kaɗai suke fitowa, kuma tun da yaƙi ya ɓarke a Yukiren a 2022 ya kamata mai saye ya ga safayar da dila ke da ita a sito da idonsa. Fat Truck da ake yi a Kebek ta Kanada tsarinta kusan ɗaya ne, da tuƙin hayidirolik, ita ma a wannan rukunin kuɗi take.

Babur mai ƙafa huɗu ko 'yar motar gona, da kwale-kwale a gefe

Irin su Honda Pioneer, Polaris Ranger da Can-Am Defender ba sa iyo, amma a busasshiyar hanya sun fi. Suna da shokozoba, suna ninka gudun Argo, bayansu na ɗaukar wajen kilo 450, suna jan tirela mai kilo 900 ko fiye, ga dila a kowane gari. In hanyarka tudu ce sai kogi ɗaya, ajiye kwale-kwalen alminiyam mai ƙaramin inji a mashigi ya fi kowace mota mai iyo sauri da aminci, ya kuma fi ta jure iska da gudun ruwa. Wahalar ita ce sauke kaya da lodi sau biyu, da buƙatar wani abin hawan a wancan gefe. A dausayi mara gindi kuwa ba su da amfani. Ruwa ya kai wurin shan iska, inji ya sha, sandar fistan ta lanƙwashe.

| Zaɓi | Farashi sabuwa (dala) | Kaya a ruwa | Gudu tudu / ruwa (km a awa) | Abin da ke fara lalacewa | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|---|
| Argo taya 6 | dubu goma sha wani abu | kilo 200 da 'yan kai | 30–35 / 5 | boris, sarƙa, bel | kifewa a gangare, lodi fiye da kima |
| Argo taya 8 | 20,000–40,000 | kilo 400–450 | 30–40 / 5 | boris, sarƙa, bel | shigar ruwa, zaman ciki a taɓo |
| Mudd-Ox | daga na manyan Argo zuwa sama | ya fi na Argo a manyan samfura | kusan na Argo | tiyo, matata, sarƙa | mutuwar famfo nesa da gari |
| Sherp | sama da 100,000 | kilo 1,000–1,200 | 40 / 6 | farantan juyawa, bawul ɗin iska | jiran safaya, tsadar taya |
| 'Yar motar gona da kwale-kwale | 12,000–25,000, ban da jirgin | gwargwadon jirgin | 70 ko fiye / ba ta iyo | bel, robobin aksil | inji ya sha ruwa |

Abu biyu sun shafi duka. Gefen tudu ba a bin sa a karkace da kaya. A hau kai tsaye, a sauko kai tsaye a ƙaramar giya. Sai doka: a Alaska, ƙetare rafin da kifin salmon ke hayayyafa da mota yana buƙatar izinin hukumar kifi da namun daji ta jihar, kuma wurare da yawa a Kanada suna da nasu ƙa'idojin, domin sawun taya a dausayi yakan yi shekaru bai warke ba.

Wanda yake tunanin shigo da ɗaya don aiki a dausayin Hadeja da Nguru ko gaɓar Tafkin Chadi ya tuna an ƙera su ne don ƙasar sanyi. Inji mai sanyaya da iska da aka rufe cikin kwaryar roba zai sha wuya a zafin Afrilu, mai lagireto ya fi dacewa, shi ma sai ana share ragarsa kullum. Busasshiyar ciyawa da ke taruwa kusa da salansa tana kama wuta. Tayoyin fatarsu ba kauri, ƙaya tana huda su, kayan faci da famfon hannu dole ne. Kacalla tana naɗe aksil ta yanke robar da ke tare ruwa. Kuma inda ruwa ya kai ƙugu, kwale-kwalen da masunta ke amfani da shi ya fi duk waɗannan ɗaukar buhuna a kan kuɗi kaɗan. Motar tana cin kuɗinta ne kawai a wurin da ruwa ya yi wa jirgi kaɗan, taɓo kuma ya yi wa mota yawa.

Wa ya dace da wace

Mai gidan daji ko mafarauci da hanyarsa ta haɗa taɓo, kurmi da ƙananan tafkuna, kayansa a sawu ɗaya bai wuce kilo 250 ba, kuma ba ya ƙyamar giris a hannu: Argo mai taya takwas, da winci, da famfon kwashe ruwa. In kayan sun fi haka, a ƙara tirela mai iyo kafin a yi tunanin babbar mota. Ƙafar katafila sai in dusar ƙanƙara ko dausayi mara gindi ne rabin aikin.

Mutum ɗaya ko biyu masu zuwa kamun kifi da kaya marasa nauyi, mai taya shida ta wadatar, ko tsohuwar Max ga wanda ya iya sifana.

Ɗan kwangila mai jan kaya masu nauyi a hankali duk wuni, mai yawan juyawa a matsattsen wuri, wanda sansaninsa ke da bakaniken da ya san hayidirolik: Mudd-Ox mai dizal.

Kamfani, hukumar agaji ko masu ceto da ke buƙatar kai tan guda ta cikin ambaliya, ko ƙanƙarar da ba ta gama ƙarfi ba, inda rashin isa ya fi kuɗin motar tsada: Sherp ko Fat Truck, da direba horarre, da safayar da aka saya tare da motar a rana ɗaya.

Wanda kashi tara cikin goma na hanyarsa busasshiya ce, ko ruwan da ke gabansa kogi ne mai gudu ko tafki mai iska, ya sayi 'yar motar gona ya ɗaure kwale-kwale a mashigi.